Ɗaura wa keke injin lantarki: arahar da haɗarin duk a cikin batir suke

Tun daga ranar 31 ga Maris na 2025, hukumar sufurin birnin Landan ta hana shiga jiragen ƙarƙashin ƙasa da sauran jiragenta na cikin gari da keken lantarki, in ban da irin wanda ake naɗewa. Matakin ya biyo bayan wutar da ta tashi a jikin wani keke a tashar Rayners Lane cikin watan Fabrairu. Hukumar ta bayyana cewa kekunan da suka fi kamawa da wuta su ne waɗanda asalinsu na feda ne, daga baya aka sayo musu inji da batir aka ɗaura. Da yake ma'aikacin tasha ba zai iya bambance su da na kamfani da ido ba, sai aka haɗa su duka aka hana.

Mai karatu a Maraɗi ko Garwa ko Kumasi zai iya ganin labarin ya yi masa nisa. Sai dai kayan haɗin da ke tayar wa Landan hankali su ne dai ake yin odarsu ta waya daga ƙasar Sin zuwa kowace tashar jirgin ruwa. Keken da ake ɗaura wa su kuwa, wato keken hawan tsauni da masu Faransanci ke kira VTT, ya cika kasuwannin gwanjo daga Kwatano da Lome zuwa Tema da Duwala. Ga kuma tsadar mai da ke tura mutane neman mafita. Duk abin da ake buƙata don wannan sana'a ta bunƙasa a yankin ya riga ya haɗu, kuma abin da zai raba riba da asara a cikinta shi ne batir.

Mai ya yi tsada a kowane gefen iyaka

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a Najeriya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ƴan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a garuruwa da yawa. Zafin bai tsaya a Najeriya ba. Shekaru da dama man da ake tsallakowa da shi ta bayan fage shi ne ke tafiyar da baburan maƙwabta: ƴan ruwa-ruwa a kudancin Nijar, man zuwa-zuwa a arewacin Kamaru, kpayo a Benin. Da tallafin ya tafi, arahar wannan mai ta tafi tare da shi.

Gwamnatocin maƙwabta ma sun taɓa farashinsu. Kamaru ta ɗaga litar fetur daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, sannan zuwa 840 a Fabrairun 2024. Chadi ta ɗaga daga 518 zuwa 730 a farkon 2024. Nijar ta bi wata hanya, ta rage farashi zuwa sefa 499 a Yulin 2024, amma a Maris na 2025 aka ga dogayen layuka a gidajen mai na Yamai da sauran birane, domin matatar Soraz ta Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, ta kasa ɗaukar nauyin kasuwar da a da man Najeriya ke cike wani babban ɓangarenta.

Ga malamin makarantar da ke tafiyar kilomita 12 zuwa ƙauye kowace safiya, ko ma'aikaciyar ɗakin shan magani, ko mai kai nono da kayan miya kasuwa, kuɗin mai ya zama wani haraji na kullum. A wajen irin waɗannan mutane ne keke mai inji ke da ma'ana. Ba zai maye gurbin kabu-kabu mai ɗaukar fasinja biyu da buhun gero ba. Amma mutum ɗaya da ɗan kayansa, a tafiyar kilomita 20 zuwa 30 a rana, keken zai kai shi ya dawo da shi ba tare da ya jiƙe da gumi ba.

Yadda ake haɗa shi

Keken hawan tsauni ya fi dacewa da wannan aiki saboda dalilai na zahiri. Gangar jikinsa na da ƙwari, tayoyinsa na da faɗin da ke riƙe yashi da jar ƙasa, yana da giya mai yawa, kuma da dama daga cikinsu na zuwa da birki mai faifai wanda ya fi na roba kamu. An ƙera shi ne don masu wasa a duwatsun Amurka da Turai, sai ga shi ya dace da hanyoyin karkarar Sahel.

Injin iri biyu ne. Na farko yana zaune a tsakiyar ƙafar keke, ta gaba ko ta baya. Ana cire ƙafar asali a saka wadda ke ɗauke da injin. Shi ya fi araha, ya fi sauƙin ɗaurawa, kuma ko kaca ta tsinke zai iya kai mutum gida. Rauninsa shi ne hawa da yashi mai zurfi, inda yake ɗaukar zafi. Yana kuma murɗa bakin ƙarfen da ke riƙe da ƙafar, shi ya sa ake ƙara masa ɗan ƙarfen tokare, musamman idan keken na alminiyam ne. In babu wannan tokare, ƙafar gaba na iya ficewa ana cikin gudu.

Na biyu ana ɗaura shi a gindin feda, yana jan kaca kamar yadda ƙafar mutum ke ja. Da yake yana amfani da giyar keken, ya fi ƙarfi a hawa da kuma ɗaukar kaya. Kamfanin Bafang na birnin Suzhou a ƙasar Sin ya yi suna da wannan iri, kamar samfurinsa BBS02 mai kaiwa wat 750 da BBSHD mai wat 1,000. Farashinsa ya fi na farko, kuma yana cin kaca da haƙoran giya da sauri, domin an yi su ne daidai ƙarfin ƙafar ɗan Adam. Mutum mai matsakaicin ƙarfi yana ba da wat 100 zuwa 150 idan tafiya ta yi nisa. Injin wat 750 ya ninka wannan sau biyar ko fiye.

Mai gyaran keke da ya san aikinsa zai iya ɗaura kowanne cikin yini guda. Injin da kansa ba ya yawan ba da matsala: waya ce ta tagulla da maganaɗisu, idan ba a cika masa kaya ba, ruwa bai shige shi ba, yana shekaru. Abin da ya kamata a sa wa ido bayan an ɗaura shi shi ne birki, domin an ƙara wa keken nauyin kilo 7 zuwa 9, an kuma ninka saurinsa.

Lissafin da mai saye ya kamata ya yi

Ana auna abin da batir ke ɗauka ta hanyar ninka bolt da amfiya-awa. Batir mai bolt 48 da amfiya-awa 13 na ɗauke da wat-awa 624. Keke mai ɗauke da mutum ɗaya a hanyar da ba ta da kwalta yana cin kamar wat-awa 15 a kowace kilomita, ke nan caji ɗaya zai yi kimanin kilomita 40. Idan mahayin na taimakawa da feda, zai wuce haka.

A ɗauki misali da farashin Kamaru. Babur mai shan lita biyu da rabi a kilomita 100 zai ci sefa 2,100. Keken lantarki a wannan nisa zai ci wutar da ba ta wuce kilowat-awa 2 ba, har da wadda ke salwanta wajen caji. Ko an saka kowane kilowat-awa a sefa 100, kuɗin wuta 200 ne kacal. A nan ne yawancin masu talla ke tsayar da lissafi.

Amma batir yana ƙarewa kamar yadda taya ke ƙarewa. A ce an sayi mai kyau a sefa 150,000, ya ba da caji 500 kafin ya raunana. Ya yi kilomita 20,000 ke nan, wato sefa 750 a kowace kilomita 100. A haɗa da kuɗin wuta, ya zama 950, ƙasa da rabin kuɗin man babur. Yanzu a ce an sayi mai araha a sefa 60,000, wanda ba ya wuce kilomita 25 a caji ɗaya, kuma ya mutu bayan caji 100. Kilomita 2,500 kawai ya yi, wato sefa 2,400 a kowace kilomita 100. Da kuɗin wuta ya zama 2,600, ya fi man babur tsada. Waɗannan farashi misali ne, kowace kasuwa da nata, amma tsarin lissafin ba ya canzawa: kuɗin da ke zagwanyewa a jikin batir ya ninka kuɗin wuta sau da yawa. Wanda ya sayi batir marar kyau ya biya kuɗin man shekara guda a dunƙule, kuma ba lallai ya ci moriyarsa ba.

Abin da ke cikin baƙin akwatin

Idan aka buɗe batirin keke, za a tarar da ƙananan ƙwayoyin litiyam masu kama da batirin tocila, an jera su an haɗa. Mafi yaɗuwa ita ce mai lamba 18650, wato kaurin milimita 18 da tsawon 65, irin wadda ke cikin batirin tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka. Batir mai bolt 48 yana da layi 13 a jere, mai bolt 36 kuma layi 10. Don samun amfiya-awa 13 da ƙwayoyi masu matsakaicin ƙarfi, ana buƙatar guda 65, kuma nauyinsu kaɗai ya kai kilo 3.

Wannan ya ba mai saye wata hanyar gwaji mai sauƙi. Ƙwayar 18650 mafi inganci ba ta wuce amfiya-awa uku da rabi da wani abin kirki. Duk batirin da aka rubuta masa bolt 48 da amfiya-awa 20 ko 30, amma aka ɗora shi a sikeli bai wuce kilo biyu ba, rubutun jikinsa ƙarya ne.

Tare da ƙwayoyin akwai wani ɗan allo da ake kira BMS, wanda shi ne mai gadin batir. Yana yanke wuta idan caji ya cika, ko ya yi ƙasa da yawa, ko waya ta haɗu da waya, yana kuma daidaita layukan don kada wani ya cika ya bar wani. A batir mai araha, a jikin wannan allo da kuma ingancin ƙwayoyin ake rage kuɗi. Wasu masu haɗawa na tsinto ƙwayoyi daga matattun batiran kwamfuta, masu shekaru daban-daban da ƙarfi daban-daban, su haɗa su wuri guda. Mai rauni a cikinsu ita ke fara ɗaukar zafi.

Sai caja. Batir mai bolt 36 yana cika ne a bolt 42, mai bolt 48 kuma a 54.6. Bakin cajojin na iya zama iri ɗaya. Idan aka soka cajar babba a ƙaramin batir, kuma mai gadin bai yanke ba, ƙwayoyin za su sha wutar da ta fi ƙarfinsu. Da ƙwaya ɗaya ta wuce iyakar zafinta, sai ta fara ƙona kanta daga ciki, ta kunna ta kusa da ita, wannan ma ta kunna ta gaba. Cikin daƙiƙoƙi ɗaki ya cika da hayaƙi mai guba da harshen wuta mai feshi. Wutar na da wuyar kashewa, kuma tana iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu.

Yanayin Sahel na ƙara wa abin nauyi. Masu ƙera ƙwayoyin litiyam sun ƙayyade cewa kada a yi musu caji a zafin da ya wuce digiri 45. A watannin Afrilu da Mayu, zafin inuwa a Yamai da Njamena da Marwa na kaiwa kusa da haka, kuma a farkon Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na Mali. Baƙin akwatin da ya wuni a rana, aka shigo da shi shago mai rufin kwano aka soka masa caja nan take, ya wuce wannan iyaka. Ko bai kama da wuta ba, zafi na rage masa kwana. Akwai wani nau'in litiyam mai haɗin ƙarfe da fosfet, da ake kira LFP, wanda ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, ya kuma fi yawan caji. Ya fi nauyi, amma ga mai zama a ƙasa mai zafi, ƙarin kilo ɗaya ko biyu ba asara ba ce.

Abin da ya faru a inda aka riga aka yi nisa

A birnin New York, hukumar kashe gobara ta ƙirga gobara 268 da batiran litiyam suka haddasa a 2023, da mutuwar mutum 18. Huɗu daga cikinsu sun rasu ne a watan Yuni, lokacin da wuta ta tashi a wani shagon gyaran kekunan lantarki a unguwar Chinatown ta haura gidajen da ke samansa. A Landan, a shekarar dai, an samu gobarar keken lantarki 143, kuma mutum uku sun mutu a gobarar kekuna da ƙananan baburan tsaye masu batir. A ƙasar Sin, inda kekunan lantarki suka haura miliyan 300, gobarar da ta tashi daga wurin ajiye su a ƙasan wani bene a birnin Nanjing ta kashe mutum 15 a Fabrairun 2024.

Waɗanda abin ya fi shafa a Amurka da Turai su ne masu kai abinci gida-gida, kuma da yawansu baƙi ne, ciki har da matasan Afirka ta Yamma da ke New York da Paris da Landan. Ana biyansu ne gwargwadon yawan saƙon da suka kai, don haka suna buƙatar sauri da batir mai wuni. Keken kamfani ya fi ƙarfin aljihunsu, sai su sayi tsohon keken hawan tsauni, su ɗaura masa inji da batir mafi araha a intanet, su yi caji da dare a ɗakin da mutum biyar ko shida ke kwana, sau da yawa a bakin ƙofa. Duk mai ɗan'uwa a wannan aiki yana da dalilin tambayarsa inda yake ajiye batirinsa.

Hukumomi sun mayar da martani ta kan batir. New York ta kafa doka a 2023 da ta hana sayar da keken lantarki ko batirinsa sai da shaidar gwajin inganci, ta haɗa da wayar da kai kan yin caji a waje. Yawan gobarar bai ragu ba a 2024, amma mace-macen sun sauko zuwa 6. Sin ta fara aiki da sabon ma'aunin tilas na batiran keke a Nuwamban 2024. Tarayyar Turai kuma ta zartar da dokar batira a 2023, wadda daga Fabrairun 2027 za ta tilasta wa kowane batirin keke ya zo da takardar shaida ta lantarki mai nuna asalinsa.

Ina kayan da aka kora za su nufa?

Idan manyan kasuwanni suka rufe ƙofa ga batir marar shaida, masana'antun da ke yin sa ba su rufe nan take. Sukan nemi kasuwar da ba a tambaya. Yankin ya riga ya ga haka da tsofaffin motoci, da firji, da kwamfutoci, har da man dizal mai yawan sulfa. Filin Agbogbloshie na Akara, inda matasa da yawa daga arewacin Ghana suka yi shekaru suna ƙona wayoyi don cire tagulla kafin a rushe wurin a 2021, shaida ne kan inda irin wannan kaya ke ƙarewa.

Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta haramta shigo da shara mai guba Afirka. Sai dai batirin da ya rage masa rabin rai ba ya shigowa da sunan shara, da sunan gwanjo yake shigowa. Tsohon keke na ƙarfe ana iya duba shi da ido, a ga tsatsa, a ga walda. Tsohon batir kuwa fes yake a waje ko da cikinsa ya lalace. Jami'in duwan da ke Duwala ko Gaya ko Kusiri yana duba takardar kuɗin fito ne, ba shi da na'urar auna lafiyar ƙwayoyi.

Keke ne ko babur?

A Turai amsar a rubuce take. Idan injin bai wuce wat 250 ba, yana aiki ne kawai lokacin da ake taka feda, kuma yana yankewa a gudun kilomita 25 a awa, to keke ne. Da ya wuce haka, a Faransa ya zama ƙaramin babur: sai da lamba, da inshora, da hular kwano. Amurka ta fi sassauci, dokarta ta tarayya ta 2002 ta amince da injin da bai kai wat 750 ba da gudun kimanin kilomita 32 a awa. Kayan haɗin da ake sayarwa a intanet kuwa da yawansu na da wat 1,000 ko fiye, da totur a hannu, suna gudun kilomita 45 zuwa 50 a kan birkin da aka yi domin keke.

Dokokin hanya da dama a yankin sun raba ababen hawa masu ƙafa biyu ne da girman injin fetur, inda santimita-kubik 50 ke zama iyaka tsakanin ƙaramin babur da babba. Injin lantarki ba a auna shi da wannan ma'auni. Inda doka ba ta fayyace ba, hukunci na komawa hannun jandarma ko ɗan sandan da ke kan shinge, kuma mai keken ne zai biya. Ɗan kasuwar da ke tsallaka iyaka tsakanin Birnin Ƙonni da Illela, ko tsakanin Kusiri da Njamena, zai iya zama mai keke a gefe ɗaya, mai babur marar takarda a ɗaya gefen.

Akwai inda tambayar ta wuce maganar tara. Saboda matsalar tsaro, an hana hawa babur a Maiduguri a 2011, an taƙaita shi a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru a 2014, an hana a Diffa a 2015, sannan a sassan Tillaberi a farkon 2020. A irin waɗannan wurare keke ya zama abin hawan talaka na dole, kuma nan ne keke mai inji zai fi amfani. Nan ne kuma ya fi haɗari ga mai shi, domin sojan da ya hango abu mai ƙafa biyu yana gudun kilomita 45 babu ƙara ba zai tsaya duba feda ba. Idan hukumomi suka ja layi a fili, misali wat 250 da kilomita 25, za su kare manomi da ma'aikacin lafiya, su kuma hana a wayi gari an haɗa kowane keke a cikin haramci kamar yadda aka yi a jiragen Landan.

Ina za a yi caji?

A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, a Chadi kuma adadin bai kai haka ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, kuma mazauna Yamai sun ga yadda dogaro da layi ɗaya yake. Keken da ke jiran wutar kamfani zai riƙa kwana babu caji.

Abin da ke ceton lissafin shi ne ƙanƙantar buƙatar. Faifan sola mai wat 200 a ranar Sahel yana ba da kusan kilowat-awa ɗaya a yini, wanda ya isa cika batir guda. Shagunan cajin waya da ke kowane ƙauye su ne za su fara karɓar wannan aiki, kuma a nan ake buƙatar hattara: batirin keke ɗaya na ɗauke da wutar wayoyi 30 zuwa 40. Jera goma a rumfar katako cikin kasuwa, kusa da mai sayar da fetur a kwalba, abu ne da bai kamata a jira ya faru kafin a yi magana a kansa ba.

Wasu kamfanoni sun bi ta wata hanya. Spiro a Benin da Togo, da Ampersand a Ruwanda, suna barin batir a hannunsu: mai babur ya kawo wanda ya ƙare, ya biya, ya karɓi cikakke. Kamfanin ne ke kula da caji da lafiyar ƙwayoyi. A Akara, Wahu na haɗa kekunan lantarki domin masu kai saƙo, ana biya sannu a hankali. Duka sun gane cewa abin hawan ba shi ne mai wuya ba, batir ne ke buƙatar mai kula. Sai dai suna manyan birane ne. Ƙananan garuruwa da karkara za su dogara da mai gyaran unguwa.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Matakan ba su buƙatar kasafin biliyoyi. Hukumomin kula da ingancin kaya na iya shardanta cewa duk batirin da ya shigo ya zo da cajarsa da shaidar gwaji, a kuma hana shigo da tsofaffin batiran litiyam a matsayin gwanjo. Ma'aikatun sufuri na iya rubuta layi ɗaya da ke fayyace keke da babur, kuma zai fi amfani idan ƙasashen da ke maƙwabtaka suka ɗauki ma'auni iri ɗaya. Cibiyoyin koyon sana'a na iya haɗa mai gyaran keke da mai gyaran waya a aji guda, domin ɗaya ya san birki da kaca, ɗayan ya san bolt da allo, kuma aikin na buƙatar su biyun. Sai a tanadi inda za a kai mataccen batir, kada ya ƙare a bola ko a hannun yara.

Mai saye ma yana da nasa. Ya zuba mafi yawan kuɗinsa a batir, ko da zai rage ƙarfin inji. Ya auna nauyinsa kafin ya biya. Ya riƙe cajar da ta zo da shi, kada ya ari ta wani. Ya bar batir ya huce a inuwa kafin caji, ya yi cajin da rana yana kusa, nesa da ƙofar fita da ɗakin kwana. Batirin da ya kumbura, ko ya faɗi ya fashe, ko yake wari, ko ruwa ya shige shi, a fitar da shi waje a daina amfani da shi.

Landan da New York da Nanjing sun rubuta dokokinsu ne bayan an yi jana'iza. Ƙasashen yankin na da damar rubuta nasu tun kasuwar tana ƙarama, kafin kwantenoni su cika kasuwanni da batiran da wasu suka ƙi. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.